Litinin ɗin da Alƙalawa ta faɗi

A kalandar duniya, 3 ga Oktoba ranar Jamusawa ce, domin a ranar ce ƙasarsu ta sake haɗewa a 1990. A ranar ce kuma sojojin Italiya suka afka wa Habasha a 1935. Amma Bagobirin da ke noma a gaɓar Gulbin Rima yana da tasa 3 ga Oktoban, ko da kuwa bai taɓa riƙe ta da wannan suna ba. Ran nan ne a 1808, wata Litinin cikin watan Sha'aban na 1223, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗa hannun mayaƙan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa.

Birnin bai faɗi da sauƙi ba. Tun bayan da aka kori rundunar Yunfa a Tabkin Kwatto ran 21 ga Yunin 1804, wata huɗu cif bayan hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu, jama'ar Shehu suka sa ido kan Alƙalawa. Zuwansu na farko bai yi musu daɗi ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen wannan shekarar, Gobirawa da Abzinawa suka yi musu ɓarna mai yawa, aka rasa malamai da mahaddata. Sai da aka shekara huɗu ana kai ruwa rana, Katsina da Kano suka riga suka fita daga hannun sarakunansu na da, sannan Muhammadu Bello ɗan Shehu ya dawo da runduna ya karya ganuwar birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa, birnin Bawa Jan Gwarzo.

Mai son sanin nauyin wannan rana ya dubi shekarar gaba ɗaya. A 1808 ɗin ne mayaƙan jihadi suka shiga Birnin Gazargamu na Borno, a ƙarshenta kuma Zazzau ta bi sahu. Shekara na zagayowa, 1809, aka fara gina Sakkwato. A ganina da Alƙalawa na nan tsaye, da Bello bai sami sararin ɗora tubali a kan tubali ba.

Gobir dai ba ta mutu ran nan ba, watsewa ta yi. An ci gaba da gwabzawa har yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka yi arewa, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya rikicin gida ya raba su, ɗaya daga cikinsu, Ɗan Halima, ya dawo kudu ya kafa Sabon Birni, ba nisa da kufan kakanninsa. Sunan garin kansa yana tuna wa mutum cewa akwai wani tsohon birni da aka rasa. Garin Isa kuwa ribaɗi ne na Sakkwato, an zaunar da shi ya tsare wannan iyaka.

Daga nan ne abin da ke ɗaure wa baƙo kai ya samo asali. Ya je Sabon Birni ya ji ana kiran Sarkin Gobir, ya gangara Isa ya sake jin Sarkin Gobir, ya tsallaka Jamhuriyar Nijar ya tarar da na uku a Tsibiri. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja layinsu a farkon ƙarni na 20, tsagar da ta riga ta daɗe suka bi suka zurfafa.

Kufan Alƙalawa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau. Farkon Oktoba a can ƙarshen damina ne, gero ya nuna, ana yanka ana ɗaure dammuna, amalanke na kai su rumbu ta gefen tudun tsohuwar ganuwa.