Aruwa da Ƙudan Zuman Kaduna

Duk wanda ya shiga gidan kallo a Sabon Birni ko Isa ranar Asabar ya san yadda muke: wannan na Arsenal ne, wancan na Barcelona, ana musu kamar a ba hammata iska. Tambayi matasan wurin wace ƙungiyar Kaduna ce ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe na kofin Afirka, sai ka ji tsit. Mu ma da muke wannan rubutu ko rarrafe ba mu fara ba a lokacin. A bakin yayyenmu da suka saurari wasannin a rediyo muka fara jin sunan Ranchers Bees, da na mai ita, Alhaji Mukhtar Aruwa.

Asalin ƙungiyar ta ma'aikata ce. Sunanta DIC Bees, ta kamfanin ƙera makamai na ƙasa da ke Kaduna, kuma ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1983, inda Rangers ta Inugu ta doke ta. Daga baya Aruwa, ɗan kasuwa, ya karɓe ta, sunan ya koma Ranchers Bees, magoya baya kuwa suka riƙa kiran 'yan wasan yaran Aruwa. Ba shi ya fara irin wannan a Arewa ba. Alhaji Isiyaku Ibrahim ya riga shi da Mighty Jets ta Jos, wadda ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972.

Sai dai zamanin da Aruwa ya shiga harkar mai tsauri ne. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta karye. Kuɗin ƙofa ba ya riƙe ƙungiya, talabijin ba ta biya. Albashi, mota, masauki, maganin wanda ya karye, tikitin jirgi zuwa wata ƙasa, duk daga aljihun mutum ɗaya suke fita.

A 1987 Bees ta sake kaiwa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, ta kara da Abiola Babes ta Cif M.K.O. Abiola, attajirin da ya fi Aruwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Abiola Babes ta ɗauki kofin. Bayan kakar sai Abiola ya rushe ƙungiyarsa, Leventis United ma ta bi sahu. Manya biyu suka tafi lokaci guda, Aruwa ya tsaya. Gurbin Nijeriya a gasar zakarun kofi ta Afirka ya faɗo wa wadda aka doke, wato rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Bees ba ta ba da kunya ba. A 1988 ta kai wasan ƙarshe, inda ƙungiyar garin Bizat ta Tunisiya ta tsira da ƙwallo ɗaya tal a wasanni biyu. Shekara ta zagayo, a 1989 ta ci kofin Afirka ta Yamma bayan ta doke ASEC ta Abijan. Cikin 'yan wasanta akwai wani yaro haifaffen Kaduna da bai cika shekara 17 ba, Daniel Amokachi. A 1990 ya tafi Club Brugge ta Beljiyam, daga can Everton ta Ingila, ga kuma zinaren Atlanta a 1996. Da a yau ne, cinikin yaro irin wannan kaɗai ya isa ya ciyar da ƙungiya shekaru.

A ganinmu nan gizo yake saƙar. Ƙungiyar tana da uba, amma ba ta da gadon da za ta rayu a kai. Mu masu sana'ar kwamfuta mun san manhajar da mutum ɗaya kaɗai ya san cikinta: ranar da hankalinsa ya koma wani wuri, sai ta fara tangaɗi. Tauraron Bees ya dusashe, ta gangara rukunin ƙasa. Aruwa ya shiga siyasa, ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007, ya rasu a 2018. Fagen ya koma hannun gwamnatocin jihohi, irin su Kano Pillars da Katsina United da tamu Sokoto United, inda albashin ɗan wasa ke jiran sa hannun gwamna.

A ƙasar Gobir ma muna da ƙananan Aruwa: mai shagon da ke saya wa ƙungiyar unguwa riguna, dillalin hatsin da ke biyan motar zuwa wasa a wani gari. Rashin tsaro ya ci kasuwar da yawansu, hanyar ma ba kullum take biyuwa ba.

Ranchers Bees dai tana nan da rai. A 2023 wani ɗan Kaduna da ƙwallo ta kai shi Sifen, Sadiq Umar, ya shiga cikin masu mallakarta.