Addini Ba Tare da Jam'iyya Ba: Tasirin Malamai a Siyasar Kaduna Bisa Ma'aunin Jam'iyyun Addini na Isra'ila

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙungiyoyin addini ke cinikin ƙuri'a a Kaduna, inda doka ta haramta jam'iyyar addini, ta kuma auna hakan da Isra'ila, inda doka ta halatta ta. Matsayinta shi ne haramcin ya dace, sai dai ya jefa cinikin cikin duhu.

Gabatarwa

Sashe na 222 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana yi wa jam'iyya rajista matuƙar sunanta ko tambarinta na nuni ga addini ko ƙabila, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada. Duk da haka, daga Rigachikun a ƙaramar hukumar Igabi har zuwa Tudun Wada, ɗan takara ba ya wasa da ziyarar malami. Abin yana da tushe. A Kaduna aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962 da goyon bayan Sardauna Ahmadu Bello, yana Firimiya kuma yana jagoran jam'iyyar NPC, tare da Sheikh Abubakar Gumi. A 1978 Sheikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos. Ita da ɗarikun Tijjaniyya da Ƙadiriyya, haka ma ƙungiyar CAN a ɓangaren Kirista, suna da rassa da makarantu da mumbari, wato kusan duk abin da jam'iyya ke buƙata in ban da tambari a takardar ƙuri'a. A zaɓen gwamna na 2023 tazarar Uba Sani da Isa Ashiru ba ta kai ƙuri'a dubu 11 ba. Inda rata ta ƙuntata haka, kalma ɗaya a huɗubar Juma'a ko wa'azin Lahadi na iya juya sakamako.

Darasin Isra'ila

Majalisar Knesset tana da kujeru 120, ana raba su gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya da ta haura kashi 3.25 cikin ɗari. Babu jam'iyyar da ta taɓa cin kujeru 61 ita kaɗai a zaɓe, don haka kowace gwamnati ta haɗaka ce, ƙananan jam'iyyu kuma su ne raba gardama. Shas, wadda aka kafa a 1984 ƙarƙashin jagorancin malami Ovadia Yosef, ta ci kujeru 17 a 1999 da 11 a 2022, shekarar da haɗakar jam'iyyun Attaura ta UTJ ta ci 7. Ba don su ba, da haɗakar Firaminista Benjamin Netanyahu ba ta tara kujeru 64 ba. Farashinsu sananne ne: kuɗin makarantun addini, kiyaye ranar Asabar, barin aure da saki a hannun malamai, da ɗauke wa ɗaliban Attaura aikin soja. Wannan rangwame ya faro a 1948 da ɗalibai kusan 400 a zamanin Firaminista David Ben-Gurion, ya haɓaka zuwa dubun-dubata, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yunin 2024 cewa ba shi da madogara a doka. A Yulin 2025 UTJ ta fice daga gwamnati saboda wannan batu. Ke nan ƙarfin waɗannan jam'iyyu daga tsarin zaɓe ya fito, makomarsu kuma ta rataya kan ko sauran al'umma za su ci gaba da ɗaukar nauyin. Amma akwai abu guda da ya cancanci lura: doka ta wajabta bayyana yarjejeniyar haɗaka, don haka mabiyi yana karanta abin da aka karɓa da sunansa.

Suka da Amsa

Wani zai ce, tunda cinikin na gudana, a halatta jam'iyyar addini kowa ya huta. Wannan ya manta cewa jam'iyyun Isra'ila da aka ambata suna jayayya ne a cikin addini guda. Kaduna kuwa ta ga rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da wani rikicin addini a Nuwamban 2002, waɗanda suka sa Musulmi suka karkata arewacin kogin Kaduna, Kirista suka koma kudu. Jam'iyyar masallaci za ta haifi jam'iyyar coci, zaɓe ya koma ƙidayar mabiya. Ƙari a kan haka, sharaɗin samun kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi ya tilasta wa mai neman shugabancin ƙasa neman ƙuri'ar wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma wannan kariya ce da bai kamata a yi sake da ita ba.

Wani kuma zai ce malamai su tsame hannu baki ɗaya. Yankin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya gina tsarin mulkinsa ba zai karɓi wannan ba, sannan malami ɗan ƙasa ne mai haƙƙin faɗin ra'ayi. Illar tana wani wuri. Idan malami ya ɗaga hannun ɗan takara, mabiyi ba ya sanin sharaɗin: asibiti ne, makaranta ce, ko kujerar Makka da mota? Abin da ba a rubuta ba, ba a iya bin bashinsa bayan rantsuwa, kuma zargi yakan shafi har malamin da bai karɓi komai ba. Wannan asara ce ga martabar ilimi, wadda ta fi kowace kujera tsada.

Saboda haka maƙalar na ba da shawarar a bar sashe na 222 yadda yake, hukumar zaɓe ta INEC ta aiwatar da hanin kamfe a wuraren ibada ba sani ba sabo, kowace ƙungiyar addini da za ta mara wa ɗan takara baya kuma ta wallafa buƙatunta a rubuce kafin ranar zaɓe, domin mabiyanta su sami abin tuhumar gwamna da shi, su kuma tuhumi shugabanninsu.