Tarihin Hutun Iyali a Bakin Tekun Biritaniya: Tanti da Tafi-da-gidanka

Ko da yake mutanen Biritaniya a tsibiri suke zaune, sun daɗe suna ɗaukar gaɓar teku fagen masunta da matuƙan jirage kawai, har zuwa zamanin da likitoci suka fara umartar majinyata da wanka da ruwan gishiri, musamman Dokta Richard Russell, wanda littafinsa na 1750 ya jawo tajirai zuwa Brighton. Talaka bai sami rabonsa ba sai da jirgin ƙasa ya isa Brighton a 1841 da Blackpool a 1846, kuma ko a sa'an nan galibi yini guda yake yi ya komo, domin kuɗin masauki ya fi ƙarfinsa.

Shi ɗakin tafi-da-gidanka asalinsa abin alfarma ne. A 1885 wani tsohon likitan sojan ruwa, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki na katako a bisa ƙafafu, dawaki biyu suna ja, ya tafi da shi daga kudancin Ingila har Inverness, baransa yana gaba a kan keke mai ƙafa uku yana duba hanya. Masu hali suka yi koyi da shi, har suka kafa ƙungiya a 1907. Tanti kuwa shi ne mafakar marasa ƙarfi. Joseph Cunningham ya kafa sansani a tsibirin Man a 1894, na maza zalla, amma wanda ya cancanci yabo a wurin magidanta shi ne John Fletcher Dodd, da ya buɗe nasa a Caister a 1906 saboda ma'aikata da iyalansu, inda aka haramta giya, aka kuma sharɗanta wa baƙi su taimaka da aikace-aikacen sansanin.

Kamfanin Eccles na Birmingham ya fara ƙera ɗakunan da mota ke ja a 1919, Billy Butlin kuma ya buɗe babban sansaninsa a Skegness a 1936. Amma a haƙiƙa sababin yaɗuwar irin wannan hutu da ya fi kowane ƙarfi shi ne dokar 1938, wadda ta share wa ma'aikata da yawa hanyar samun hutun mako guda ba tare da an yanke musu albashi ba, gama mutumin da ladansa ke tsayawa ranar da ya ajiye aiki ba shi da natsuwar da zai kai 'ya'yansa wasa a rairayi. Yaƙin Duniya na Biyu ya jinkirta amfanin dokar, amma da aka yi sulhu manoman gaɓa suka shiga ba da filayensu haya, aka jera ɗakuna sahu-sahu, da yawansu ba sa motsawa daga inda aka girke su. A ciki, bencin da aka ci abinci a kansa da rana shi ake shimfiɗawa ya zama gado da dare, fitila ta gas ce, ruwa kuma yara ke ɗebowa daga famfon da kowa ke tarayya a kansa.

Da cunkoso ya yawaita, tsabta ta yi rauni, sai majalisa ta zartar da dokar 1960, wadda ta wajabta wa mai fili neman lasin daga ƙaramar hukuma. Jiragen sama masu araha sun janye jama'a da yawa zuwa Sifen a shekarun 1970, duk da haka gaɓar Lincolnshire, daga Skegness zuwa Mablethorpe, tana cike da waɗannan ɗakuna har yau, kuma mafi yawansu a yankin Hull ake ƙera su.