Haraji A Nan, Rabo A Ina? Waiwaye Kan Tarihin Haraji Da Rabon Arzikin Ƙasa

Jama'a, duk lokacin da maganar haraji ta taso a ƙasar nan sai ka ga manya sun rabu gida biyu. Na Kudu su ce su ke tarawa wasu na ci, na Arewa su ce su ke noma abin da ƙasa ke ci. Mu kuwa Hausawa mazauna Kurmi muna tsakiya, domin Arewa ce asalinmu, amma a Ikko da Badun da Shagamu da Anacha muke nema, a nan kuma muke biya. Saboda haka ya kamata mu san inda wannan gardama ta samo asali da kuma inda ta bar mu. Waiwaye dai adon tafiya ne.

Turawa sun tarar da haraji a ƙasar Hausa: akwai kuɗin ƙasa, da kuɗin karofi, da jangalin shanu. A 1906 Gwamna Lugga ya yi dokar da ta tattara su, daga baya aka kakkafa baitulmalin En'e, ana raba abin da aka tara tsakanin En'e da gwamnati. Duk da haka kuɗin bai isa gudanar da mulkin Arewa ba, sai an cika da tallafi daga Ingila da kuma Kudu, wadda ke samun kuɗin kwastan mai yawa, musamman daga barasar da ake shigowa da ita. Wannan giɓi yana cikin dalilan haɗe Arewa da Kudu a 1914. Watau tun ranar da aka raɗa wa ƙasar suna ɗaya, maganar wa ke biya wa ke ci tana cikin zanen goyonta.

Da Turawa suka kawo harajin kai Kudu, ba a karɓe shi hannu biyu ba. A 1918 Egbawa sun yi boren da ake kira Adubi, har suka tuttuge hanyar jirgin ƙasa. A Gabas an soma karɓar haraji daga maza a 1928, da shekara ta zagayo aka ji ƙishin-ƙishin za a sa wa mata, sai mata suka yi tururuwa a yankunan Aba da Owerri da Kalaba, suka far wa kotuna da hakiman da Turawa suka naɗa. An harbe mata sama da 50. A Abekuta ma, tsakanin 1947 da 1948, matan kasuwa ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada har aka soke harajin mata, Alake Ademola ya sauka daga gado a farkon 1949. Kukan duka iri ɗaya ne: muna biya, ba a shawara da mu, ba ma ganin amfani.

Bayan samun mulkin kai ma ba ta canza zane ba. Tsakanin 1968 da 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, manoman koko na Yamma suka ƙi biyan haraji bayan an ƙara shi alhali farashin koko ya faɗi. Wannan shi ne boren Agbekoya. Sun fasa gidan yarin Agodi da ke Badun suka saki 'yan uwansu, sai da Cif Awolowo ya taka da kansa ya gana da shugabansu Tafa Adeoye, aka mayar da harajin fam 2, sannan ƙura ta lafa. A Arewa kuwa, soke haraji da jangali na cikin abin da NEPU ta daɗe tana kira, kuma a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka cika wannan alkawari.

Yayin da talaka ke gardama da mai karɓar haraji, manya su kuma suna gardamar yadda za a raba asusun tarayya. Kwamitin Raisman na 1958 ya ce kuɗin ma'adinai a ba yankin da aka haƙo su kashi 50 daga cikin ɗari, Tarayya ta ɗauki 20, sauran 30 a zuba a tukunya ɗaya a raba wa kowa. A lokacin kowane yanki na da abin tinƙaho: Arewa gyaɗa da auduga, Yamma koko, Gabas manja. Da kuɗin koko Yamma ta ɗauki nauyin ilmin firamare kyauta daga 1955, ta gina Cocoa House a Badun.

Sai man fetur ya zo. An gano shi a Oloibiri a 1956, an soma fitar da shi a 1958, kafin ka ce kwabo ya danne komai. Nan fa aka yi ta zaftare kason masu ƙasa: ya koma kashi 45 a 1970, kashi 20 a 1975, kashi 1.5 a 1982, ya ɗan ɗaga zuwa 3 a 1992, kafin tsarin mulkin 1999 ya ce kada ya gaza 13. Mutanen Neja-Dalta suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, ga gonakinsu da ruwansu sun lalace. Wasu suka amsa da cewa arzikin ƙasa na 'yan ƙasa ne duka. Amma babbar illar ita ce gwamnatoci sun koma jiran rabon wata-wata, gwamnatin da ba ta dogara da aljihun talaka kuwa ba ta jin kunyar talaka.

Harajin sayen kaya da ake kira VAT ya sake tono gardamar. An soma shi a 1994 a kan kashi 5, ya koma 7.5 a 2020. A 2021 Jihar Ribas ta yi nasara a wata Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal kan cewa ita ke da hurumin karɓa, aka ɗaukaka ƙara. A ƙarshen 2024 gwamnonin Arewa suka ƙi amincewa da sabon tsarin rabon da aka kai majalisa, sai da aka yi gyara kafin Shugaba Tinubu ya sa hannu a watan Yunin 2025. An tsaya a kan kashi 10 ga Tarayya, 55 ga jihohi, 35 ga ƙananan hukumomi.

To mai karatu, ka lura da abu ɗaya. Duk wannan lissafi na yanki ne da jiha, ba a taɓa zama an tambayi wane ne mutumin da ya biya ba. Tun 1916 aka kafa Sabon Badun, kakanninmu suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, suna biyan kuɗin kara da na kasuwa da na jirgi. Dokar harajin samu ta 1993 ta ce jihar da mutum ke zaune ita ke karɓar harajinsa, ba a tambayar asalinsa. Idan aka yi ƙidaya, inda aka same mu nan ake rubuta mu, yawan jama'a kuwa yana cikin ma'aunin rabon asusun tarayya. Ke nan aljihunmu da kawunanmu duka suna ƙara wa jihar da muke zaune kaso.

Amma ranar rabo sai a canza ma'auni. Tun da tsarin mulkin 1979 ya shigo da maganar daidaita muƙamai tsakanin jihohi, takardar shaidar asali ta zama mabuɗin aikin gwamnati da tallafin karatu, har ma da yawan kuɗin makaranta a wasu jami'o'in jiha. Yaron da aka haifi kakansa a Sabo sai a ce ya tafi garinsu ya karɓo, ya je can a ce ba a san gidansu ba. Kada fa mu ɗauka mu kaɗai ne. Bayarabe da Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano ko Tudun Wadar Zariya haka suke fama, duk abin da muke nema a nan kuwa wajibi ne mu so a ba su a can.

Tarihi ya nuna ana iya yin adalci. Lokacin da Lateef Jakande ya mulki Ikko daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban azuzuwa, ya ba da ilmi kyauta, yaran unguwa suka shiga har da namu. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 24 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa biyan haraji, a sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati tabbatar da cikakken 'yancin zama a ko'ina, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda asali.

Abin da ya rage gare mu a fili yake. Mu biya harajin da doka ta sani, mu karɓi rasit mu adana, domin kuɗin da aka miƙa wa 'yan tasha ba takarda ba ya zama hujja a gaban kowa. Mu yanki katin zaɓe a mazaɓar da muke kwana, ranar ƙidaya kuma a ƙidaya mu a ɗakunanmu. Shugabannin ƙungiya da sarakunan Hausawa su riƙa tattara lissafin abin da kasuwanninmu ke zubawa, su je wa shugaban ƙaramar hukuma da shi a rubuce, su tambaye shi ina famfo, ina asibiti, ina makaranta. Matan Abekuta da manoman Agbekoya sun sami abin da suka nema ne saboda sun san abin da suke biya, kuma sun haɗa kai. Mu namu makamin takarda ce da ƙuri'a da zaman lafiya da maƙwabta.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.