Nithing: Kalmar da Ke Cire Mutum Daga Sahun Mutane

A shekarar 1049, Swein, babban ɗan Godwin wanda ya fi kowane basarake ƙarfi a Ingila, ya roƙi ɗan kawunsa Beorn ya sasanta shi da Sarki Edward. Beorn ya amince, ya bi shi da mutum uku kacal. Da suka isa Bosham sai aka ɗaure shi, aka saka shi cikin jirgin ruwa, daga bisani aka kashe shi. Kundin tarihin Turawan wancan zamani ya nuna cewa sarki da rundunarsa sun ayyana Swein a matsayin nithing, kuma shida daga cikin jiragensa takwas suka watse suka bar shi.

Kalmar ta shigo Ingila ne daga harshen mutanen Sikandinebiya, inda tushenta ke nufin wulaƙanci da zubewar mutunci. A ganina, ba zagi ba ce kawai da ake yi cikin fushi, hukunci ce. Wanda aka laƙaba wa ita ya fita daga sahun mutanen da za a ƙulla alkawari da su, domin ya ci amanar wanda ya saki jiki da shi. Laifin Swein bai tsaya ga kisa ba. Ya mayar da zumunci tarko.

Saboda nauyinta, sarakuna sun mayar da ita makami. A 1088, lokacin da Odo na Bayeux ya yi wa Sarki William na Biyu tawaye, sarkin ya aika ko'ina cewa duk wanda ba nithing ba ne ya fito yaƙi a Rochester. Jama'a kuwa suka amsa kira.

Sannu a hankali kaifinta ya dushe. Bayan mamayar 1066 Faransanci ya kawo kalmar traitor, sannan dokar 1351 ta fayyace babban laifin cin amana da cewa shi ne wanda aka yi wa sarki da sarautarsa. Ita kuwa nithing ta gangaro har ta koma nufin marowaci. Wani kuskuren ɗab'i na 1596 ya jirkita rubutunta, kuma wannan gurguwar siffa, nidering, ita ce Walter Scott ya ɗauko ya saka a littafinsa Ivanhoe.

Ina ganin abin da Turanci ya rasa ya wuce kalma guda. Traitor tana duban wanda aka ci amanarsa da hukuncin da kotu za ta yanke. Nithing kuwa tana duban abin da maci amana ya zama a idon jama'a, kuma wannan afuwar sarki ba ta wanke shi. An yafe wa Swein a 1050, amma ya tafi Kudus ba takalmi yana neman gafara, ya rasu a hanyar dawowa a 1052.