Yiwuwar Ƙa'ida da Yiwuwar Gwaji: Nazarin Wani Darasin Lissafi a Ƙasar Yauri

Abin da muke nufi da yiwuwa a wannan nazari shi ne lambar da ke auna ƙarfin tsammanin aukuwar wani abu. Lambar ba ta sauka ƙasa da 0, ba ta kuma haura 1: sifili na abin da ba zai taɓa aukuwa ba ne, ɗaya kuwa na abin da babu makawa sai ya auku. Gwaji shi ne aikin da za a iya maimaitawa ba tare da an san yadda zai kaya ba, kamar jefa ƙwayar ludo. Sakamako kuwa shi ne kowane abu guda da gwajin zai iya haifarwa. Hanyoyin samun wannan lamba iri biyu ne, kuma ɗalibin ƙaramar sakandare yana haɗuwa da su duka.

Na farko shi ne yiwuwar ƙa'ida, wadda ake fitarwa da tunani tun kafin a taɓa komai. Ana ƙirga sakamakon da ake nema, a raba da jimillar sakamakon da za su iya fitowa. Ƙwayar ludo tana da fuska 6, guda 3 daga ciki (2, 4 da 6) suna rabuwa biyu daidai, don haka yiwuwar samun irinsu ita ce 3/6, wato 1/2. Tushen wannan hanya yana cikin wasiƙun da Faransawa biyu, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi wa juna a 1654. Sai dai tana da sharaɗi guda wanda aka fi mantawa da shi a aji: dole kowane sakamako ya kasance daidai da ɗan'uwansa, babu wanda ya rinjayi wani.

Na biyu shi ne yiwuwar gwaji, wadda ba ta samuwa sai an yi aikin. Ana raba adadin lokutan da abin ya auku da adadin gwajin da aka yi. Marfin kwalbar lemo yana da fuska biyu, amma gefensa mai haƙora ya sa ba daidai suke ba, saboda haka babu mai ikon cewa 1/2 ce daga zaune. A ce yarinya ta jefa shi sau 50 ya kife sau 18, yiwuwar gwajinta ita ce 18/50. Ƙawarta za ta iya samun wata lamba dabam, kuma babu wadda ta yi kuskure. Abin da ke haɗa hanyoyin biyu shi ne ƙa'idar da aka buga a littafin Jacob Bernoulli a 1713, cewa gwaji idan ya yawaita, lambarsa tana kusantar ta ainihi. Misali, wani mai suna John Kerrich ya jefa kwabo sau 10,000 yana tsare a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, fuska ɗaya ta fito sau 5,067, dab da rabi.

A bakin tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, bambancin ya fi fitowa fili. Idan mai saye a kasuwar Yelwa ya tsaya gaban kwando mai kifi 40, karfasa 20, tarwaɗa 12, ragon ruwa 8, ya sa hannu ido rufe, yiwuwar ya ɗauko karfasa 20/40 ce. Wannan ƙa'ida ce, domin an ƙirga abin da ke cikin kwandon (muna ɗauka kifin girmansu ɗaya, in ba haka ba hannu zai fi faɗawa kan manya). Amma masuncin da ya watsa birgi a Ngaski ba shi da wannan gata, don babu wanda ya ƙirga kifin tafkin. Iyakar abin da zai dogara da shi shi ne lissafin jifan da ya yi da abin da ya fito. Ko wannan ma sai an ɗaure shi da bayani, domin faɗin idon raga yana zaɓar kifi, kamun da aka yi lokacin cikar ruwa kuma ba zai auna na lokacin janyewarsa ba. A nan ne ɗalibai ke yawan zamewa. Sai ka ji yaro ya ce birgi ko ya kama ko bai kama ba, abu biyu ne, ashe yiwuwar 1/2 ce. Ya iya rabawa, sharaɗin daidaito ne bai shiga kansa ba, kuma a ganinmu laifin na koyarwar da ta tsaya kan kwabo da ludo ne.

Akwai iyayen da ke ɗar-ɗar da darasin saboda ya yi musu kama da caca ko duba. Damuwarsu abar girmamawa ce, amsarta kuma ita ce yiwuwa ba ta faɗin abin da jifa na gaba zai kawo, awon abin da aka ƙirga kawai take yi.

Muna roƙon malaman lissafi na Yauri da Ngaski da Shanga su ware darasi guda ga gwaji. Ɗalibai 40, kowa ya jefa marfin kwalba sau 25 ya rubuta nasa, sannan a haɗa jifa 1,000 a kan allo a kwatanta da na kowane ɗaya. Kayan aikin ba sa cin ko kwabo.