Tarihin auren Yahudawa ta fuskar kalmominsa

1. Gabatarwa

A ɗaurin auren Yahudawa na gargajiya abubuwa huɗu ne suke zuwa a jere, cikin zama guda: ango ya sa wa amarya zobe, a karanta takardar aure, a yi addu'o'i bakwai ƙarƙashin wata rumfa, sannan ango ya taka kofin gilashi ya fasa. Bayanin da aka saba bayarwa yakan sa a ɗauka cewa an tsara su ne lokaci ɗaya, kowanne da ma'anarsa. A cikin wannan ƙasida muna son mu nuna cewa kowanne da zamaninsa, kuma sau da yawa al'adar ta girmi ma'anar da ake ba ta. Kalmomin da ake kiran su da su ne za su yi mana jagora.

2. Matakai biyu

Mishna, kundin shari'ar da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiya, ta raba aure gida biyu. Mataki na farko shi ne kidushin, daga saiwar q-d-sh mai nufin keɓewa ko tsarkakewa, wadda ita ce muke ji a sunan birnin Ƙudus. Namiji yakan ba mace wani abu mai daraja gaban shaidu biyu. Makarantar Shamai ta ce sai ya kai dinari, ta Hilel ta ce peruta, mafi ƙanƙantar kuɗi, ta wadatar, kuma ra'ayin Hilel aka bi. Zobe ya zo ne daga baya, a matsayin wannan abu mai daraja.

Daga nan mace ta zama matar aure, ba ta rabuwa da mijin sai da takardar saki da ake kira get, ko da yake tana gidan iyayenta. Akan ba budurwa wata 12 ta yi shiri kafin mataki na biyu, nisu'in, wato kai ta gidan miji. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tun da ya san bambancin ɗaurin aure da tarewa. Amma tazarar tana da haɗari: in mijin ya ɓace a tsakani, yarinya ta maƙale, ba aure ba saki. Wajen ƙarni na 12, Yahudawan Faransa da Jamus suka mayar da matakan biyu rana ɗaya. Har yau ana sa albarka ga kofin giya sau biyu, kuma karatun takardar aure ne yake raba tsakani. Ke nan sawun tsohuwar tazarar bai goge ba.

3. Ketuba

Sunan takardar ketuba, wato "abin da aka rubuta", daga saiwar k-t-b, wadda ta ba Larabci al-kitab, ta ba Hausa littafi. Da Aramanci ake rubuta ta, ba da Ibrananci ba, domin shi ne harshen yau da kullum da na shari'a a lokacin da aka tsara ta, kuma an so kowa ya fahimci abin da ya ɗauka a wuyansa. An samu takardun aure na Aramanci tun na ƙarni na 5 kafin miladiya a tsibirin Elefantin na Masar. A 1961 kuma Yigael Yadin ya tono ketubar wata mata mai suna Babata, ta ƙarni na 2 miladiya, a wani kogo kusa da Tekun Gishiri.

A Attaura, mohar (ɗan'uwan mahr na Larabci) kuɗi ne da ake biya wa uban yarinya. Malamai suka mai da shi bashin da mace take bin miji, wanda za a biya ta ranar saki ko mutuwarsa: zuz 200 ga budurwa, 100 ga bazawara. Talmud ya jingina wa Shimon ben Shetah, na ƙarni na 1 kafin miladiya, hukuncin cewa dukan dukiyar miji jingina ce ga wannan bashi. Manufar a fili take, kada saki ya yi wa namiji sauƙi. A yau, da mafi yawan masu aure ba sa jin Aramanci, ana ƙawata takardar a rataye ta a bango, harshen kasuwa na jiya ya koma harshen alfarma.

4. Hupa da fasa kofi

Hupa tana daga saiwa mai nufin rufewa, kuma da farko ɗakin ango ne ko shimfiɗar da aka kewaye. Rumfar ƙyalle mai sanda huɗu ta bazu ne wajen ƙarni na 16 tsakanin Yahudawan Turai, kuma Moshe Iserles na Krakow, wanda ya rasu a 1572, ya ambace ta. Fassarar da ake yi mata cewa alamar gida ce mai buɗe ga baƙi ta biyo bayan rumfar.

Haka fasa kofi. A yau akan ce tunawa ce da rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70. Amma labarin da ke cikin Talmud, a babin Berakot, na wani malami ne da ya ga baƙi sun wuce gona da iri wajen murnar auren ɗansa, sai ya fasa kofi mai darajar zuz 400 don su natsu. A Jamus a da, jifar wani dutse na bangon ɗakin ibada ake yi da kofin, abin da ya sa Jacob Lauterbach, a nazarinsa na 1925, ya ga korar aljanu a ciki. Aiki ɗaya ne, ma'anoni uku suka hau kansa.

5. Kammalawa

Abin da muka gani yana da amfani ga ɗalibanmu masu fita binciken al'adun aure. Bayanin da mai ba da labari ya yi gaskiya ne game da abin da al'ada take nufi gare shi, amma ba lalle ne ya zama asalinta ba. Ya kamata a rubuta bayaninsa yadda ya faɗe shi, sannan a bi diddigin kalmar da ya yi amfani da ita, a kuma tambayi wanda hukuncin yake karewa. Game da ketuba, amsar ita ce matar da aka saka ko mijinta ya mutu.